Sai Baƙo Ya Ƙoshi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bomo da tsakar rana, daga bayan kasuwar Samaru, ya san Kawu Bulus ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai hular saƙa da ke zama a kujerar ƙarfe a gindin mangwaro, buta a damansa, daro a hagunsa, yana jiran wanda tsautsayi zai sa ya yi masa sallama. Kana cewa, "Barka da rana, Baba, don Allah ina ne gidan su..." zai ɗaga maka hannu ya ce, "Wanke hannu tukuna." In ka ce sauri kake yi, ya ce tuwon ma sauri yake yi, zai huce. In kuwa ka buɗe baki za ka faɗi sunanka, sai ya toshe kunnuwansa da yatsu, tsoho ɗan shekara saba'in da ɗoriya, ya ce a gidansa ba a maganar suna da yunwa.

Ni ce Hannatu, 'yar ƙanwarsa. Ni na gaji tukunyar gidan bayan rasuwar matarsa, Mama Ladi, don haka da aka ce kowa ya rubuto abin da ya tuna saboda cikar Kawu shekara guda da rasuwa, na ce ku matsa, ni hayaƙin ya fi shigar wa ido. Za mu yi dariya, amma duk wanda ya san gidan ya san abin da ke ƙarƙashinta. Mutumin da ya ciyar da rabin Samaru ɗansa ɗaya ne tak, Ishaya, yana nan Sabon Gari, tafiyar mota ɗaya, kuma sai da ya yi shekara goma sha ɗaya bai ci loma a gidan ubansa ba.

Ɗabi'ar ciyar da baƙo kafin a ji sunansa ba daga kakanninmu Kawu ya ɗauko ta ba. Daga Girkawa ya samo ta. Yana saurayi aka tura shi makarantar fastoci ya koyi Girkanci don ya karanta Sabon Alkawari a harshen da aka rubuta shi. Can wani malaminsu ya yi kuskuren ara masa littafin tsofaffin waƙoƙin mutanen, na yaƙe-yaƙe da yawon teku, tun zamanin da ba su san coci ba. Shi ke nan, aka rasa fasto, aka samu malamin sakandare. Da labari ya iso wa kakarmu cewa Bulus ya duƙufa a kan Girka, sai ta ɗora hannu a ka, don ita girka ɗaya ta sani, wadda ake yi wa mai shiga bori.

"Mu muka baro bori muka shiga coci," in ji ta, "shi kuma aka kai shi makarantar Allah aka yi masa girka?"

Kwana uku ana yi mata bayani ba ta yarda ba. Ni da na zauna da shi daga baya, na ga tsohuwar ba ta yi nisa da gaskiya ba, abin ya hau kansa bai sauka ba.

A cewar Kawu, a waƙoƙin nan ko sarki ne ya ga baƙo a ƙofa, ruwa ake fara kawowa, sai abinci, sai an ga hannun baƙo ya daina zuwa kwano sannan a tambaye shi, kai wane ne, ɗan wane, daga ina. In ka fara jin suna, in ji shi, to sunan za ka ciyar, ba mutumin ba. Sannan baƙo ba ya fita hannu rabbana, dole a sallame shi da wani abu na gidan. Nan ne Mama Ladi ta sha wahala. Faranti ya tafi, kofi ya tafi, wata rana wani ɗalibi da ya zo neman ɗakin haya ya fita da kwandon tsane shinkafarta a kai yana godiya. Cokulanta masu kyau a cikin buhun masara take ɓoye su.

"Haka Girkawa suke yi, Ladi," zai ce mata.

"Girkawa, Girkawa," ta ce. "Mu ne dai masu girkawa. Kai naka kira ne daga gindin mangwaro."

Abin da ya fi burge shi a jaruman nan shi ne wayo. Ya ce ƙato da mashi ko'ina akwai shi, amma wanda ake rera wa waƙa shi ne mai fita daga rami da kansa ba da ƙwanjinsa ba. Kuma ya gwada mu gani. An taɓa sace masa agwagwa, kowa a layin ya san wanda ya ɗauka, wani mutum ne da ke bayanmu, ba zan faɗi sunansa ba tunda jikokinsa na nan. Mama Ladi ta ɗaura gyale za ta je ta yi masa tas. Kawu ya ce ta zauna ta tuƙa tuwo. Ya tare mutumin a hanya, ya sa shi wanke hannu, ya cika shi da tuwon masara da miyar karkashi, ya yi kamar bai taɓa ganinsa ba. Da aka zo sallama sai ya shiga bayan gida ya kamo namijin agwagwar ya miƙa masa.

"Ga wannan, baƙo. Tun da matarsa ta tafi ba ya cin abinci. Ka haɗa su, kada alhakinsa ya kama ni."

Washegari da safe muka tarar da agwagi biyu a tsakar gida, da wata 'yar kaza da ba tamu ba. Kawu ya dubi kazar ya ce wannan ita ake kira tukuici.

To amma mai wayon nan, da abin ya zo kansa, wayon guduwa ya yi. Ishaya yana shekara ta biyu a jami'a ya ajiye karatu ya ce shi walda zai koya a unguwar Chikaji da ke Sabon Gari, hannunsa ya fi kansa son aiki. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Habaici ya riƙa yi. Wata Lahadi, gida cike da baƙi, ya ɗaga littafin nan nasa da ya sha ɗinki ya ce ko a wurin Girkawa maƙeri shi ke ƙera wa jarumi takobi, amma ba shi ake yi wa waƙa ba. Ishaya kuwa jinin ubansa ne, bai iya haɗiye magana ba.

"Baba, shekara talatin kana yi wa matattu fadanci. Akwai ɗayansu da ya taɓa gyara maka ƙofar banɗaki?"

Wani baƙo ya yi dariya, kuma ina jin dariyar nan ce ta ɓata komai. Kawu ya rufe littafin ya ce, "Bakin nan nawa ba zai ƙara kiran sunanka ba." Ishaya ya miƙe ya ce, "Ni kuma ƙafata ba za ta ƙara shiga gidan nan ba sai ka kira ni." Kun ji yadda suka ɗaure kansu da igiya ɗaya: wannan ba zai zo ba sai an kira shi, wancan ba zai kira ba.

Da mutanen coci suka fara tambaya, Kawu ya ce ai alkunya ce, Bahaushe ba ya kiran sunan ɗan fari. Mama Ladi ta ce, "Shekara ashirin da biyu kana ƙwala masa kira har maƙwabta na amsawa, sai yanzu kunyar ta iso?" Sai ya buɗe littafinsa.

Na tuna ranar da masu ƙidaya suka zo layinmu. Wata budurwa ce da takardu a hannu, aikinta kenan tambayar suna, sai ta faɗo gidan da ba a faɗar suna. Sai da ta ci, ta sha kunu, sannan Kawu ya yarda a fara. Ya ba ta sunansa da na matarsa da shekaru, har da labarin da ba ta tambaya ba. Cikin hira ta ce, "Baba, ba ku da 'ya'ya ne?"

"Akwai ɗaya."

"Yaya sunansa?"

Kawu ya dubi kwanonta ya ce, "Ladi, ƙara wa baƙuwar nan miya." Yarinyar ta yi dariya, mu ma muka yi, amma na ga Mama Ladi ta juya ta shige kicin ba ta fito ba sai da baƙuwar ta tafi.

Mama Ladi ta rasu ba ta ga ɗanta a tsakar gidanta ba. Ita takan je wurinsa Sabon Gari da sunan cefane, amma wannan ba daidai yake da ya zauna a tabarmarta ba. Kwanakin zaman makoki Ishaya a waje ya yi su, a gindin mangwaro, yana karɓar gaisuwa, ubansa a ciki yana karɓar tasa, katanga ce kawai a tsakaninsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da jama'a suka watse na tsaya a kan Kawu na manta da ladabi.

"Kawu, ba kai kake koya wa mutane cewa wayo ke fitar da jarumi daga rami, girman kai ya mayar da shi ba? Ga ka a cikin ramin har wuya."

"Na ce suna da wayo," in ji shi, bai ɗago ba. "Ban ce suna jin magana ba."

Ya rufe littafin ya shige ɗaki. Wata biyu bai fita gindin mangwaro ba, buta ta bushe, ɗalibai masu wucewa suna tambayata ko Baba lafiya.

Wata Talata na zo da safe na tarar da kujerar ƙarfensa a kwance, ƙafa ɗaya a gefe. Ya ce ta karye. Na duba na ga yanka ne sumul, ga zarton maƙwabcinmu kafinta a jingine bayan ƙofa.

"Kawu, ga garin ƙarfe nan a rigarka."

"Tsufa ne. Ƙarfe ma yana furfura. Ɗauko mayafinki ki raka ni wurin mai walda."

Masu walda nawa ne a Samaru? Mun wuce na bakin kasuwa ya ce wannan ba shi da fuska. Mun wuce na kusa da tasha ya ce wutarsa ba ta da ƙarfi. Muka shiga motar Sabon Gari da kujera a cinya, kwandasta na mita, muka sauka muka taka har Chikaji, ni ɗauke da kujera, shi ɗauke da ƙafarta kamar sanda. Ni dai tuni na san inda za mu.

Ishaya yana duƙe a kan wata ƙofar gida, tartsatsi na tashi. Ya ɗago, ya cire baƙin gilashin, ya tsaya. Ya yi ƙiba, gashinsa ya fara ja baya kamar na ubansa. Kawu ya dubi allon shagon, ya dubi sama, ya dubi ko'ina ban da fuskarsa.

"Mai walda, sannu da aiki."

Ishaya ya goge hannunsa a jikin rigarsa. Can ya ce, "Yauwa, sannu Baba," yadda ake ce wa kowane tsoho. Ya karɓi kujerar ya shafa wurin da yatsa. "Wannan karayar da zarto ta zo."

"Aikinka gyara ne ko bincike?"

Ishaya ya gyara. Ya daɗe a kai fiye da yadda aikin ke buƙata, har sauran ƙafafun ya bi ya ƙarfafa. Da ya gama, Kawu ya zauna a kai a tsakiyar shagon, ya girgiza, ya ce ta yi. Sannan ya gyara murya.

"Ni al'adata, duk wanda ya taɓa mini kujera baƙona ne ranar Lahadi bayan sujada. Gidan mai mangwaro, hanyar Bomo. Kiranka nake yi, mai walda. Ka ji da kyau? Kira ne."

"Na ji," in ji Ishaya, ya mayar da baƙin gilashin fuskarsa alhali ba walda yake yi ba.

Ranar Lahadi ya zo. Ya yi sallama a ƙofar gidan da aka haife shi, Kawu ya ce, "Wanke hannu tukuna." Ya zuba masa ruwan da kansa. Na kawo tuwo da miyar kuɓewa na ajiye, na koma kicin na yi kukana, na farin ciki da na takaicin Mama Ladi da ba ta gani ba. Da na fito kwano ya kusa ƙarewa, kuma na ga su biyun sun gane matsalar da ke gabansu. In baƙo ya ƙoshi, dole a tambayi sunansa, in ya faɗa kuma dole mai gida ya kira shi da shi.

"Baƙo ya ƙoshi?" in ji Kawu a hankali.

Ishaya ya dubi lomar da ta rage ya janye hannunsa. "Da saura."

"To, Lahadi mai zuwa ka zo ka ƙarasa."

Shekara uku ana wannan wasan. Kowace Lahadi baƙo ya zo, ya ci, ya bar loma ɗaya, a tambaye shi ya ce da saura. Ni kuwa taubashiyarsa ce, ba zan bar shi ya sha ruwa lafiya ba. In na miƙa masa kwano sai in ce, "Baƙo, ka yi kama da wani mai ƙaton kai da na sani." Ya ce, "A danginku ne, Hajiya, ko a maƙwabta?" Wata Lahadi ya zo da kayan aikinsa, bai ce wa kowa komai ba, ya cire ƙofar banɗakin nan ya sa sabuwa. Kawu ya je ya buɗe ya rufe sau uku, ya dawo ya zauna.

"Baƙon nan yana da hannu. Ubanka yana raye?"

"Yana nan, da taurin kansa."

"Ka riƙa haƙuri da shi. Irinsu sun fi jin abu a ciki fiye da yadda suke faɗa. In ka gan shi ka ce masa ya yi sa'ar ɗa."

"Zan gaya masa," in ji Ishaya. "Shi ma ɗan yana ta neman hanyar da zai ce ya yi kuskure, bakinsa ne ya yi nauyi."

"Gado ne," in ji Kawu. "Hannatu, kawo kunu."

Kyautar sallama kuwa ba ta taɓa fashi ba. Yau littafin waƙoƙin cocin Mama Ladi, wani makon kofinta, wani makon agogon hannun Kawu, har takalmansa na zuwa sujada. Sai da aka yi nisa na gane abin da tsohon yake yi, gadon yake miƙa masa ɗaya bayan ɗaya tun yana da rai. Daga baya baƙo ya fara zuwa da matarsa da 'ya'yansa biyu, su kuma sunayensu Kawu ya riƙa kira har muryarsa na dushewa, tunda su bai yi rantsuwa a kansu ba.

Lahadin ƙarshe da damina ne, an yi ruwa da safe, suka zauna a baranda. Kawu bai ci sosai ba. Da aka gama ya yi tambayar, amma ba da muryar da ya saba ba. Ya ajiye kofinsa, ya dubi Ishaya ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Baƙo, ka ƙoshi kuwa?" Ya jira. Ni da ke tsaye a ƙofar kicin na gane. Ishaya kuwa, ko sabo ne, ko tsoro, ya yi 'yar dariya ya ce, "Da saura." Kawu ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kai mu. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, a kan gadonsa, sanadin hawan jinin da ya ƙi shan maganinsa.

Tun ranar Ishaya bai ƙara zama daidai ba. Ya ce mini ba sau ɗaya ba, "Yaya Hannatu, ƙofa ya buɗe mini na rufe. Ya tafi bai kira ni ba, kuma ni na jawo." Ni kuma sai in ce ya yi haƙuri, alhali abin yana cina.

To, Ishaya, ga abin da ya faru ranar Laraba, kwana ɗaya kafin ya rasu. Da la'asar ne, yana kwance ina dama masa kunu a bakin ƙofar ɗakin. Ya ce, "Hannatu, ranar Asabar ki sayo kuɓewa ɗanya. Ishaya ba ya son busasshiya." Ludayin ya tsaya a hannuna. Ya ga na ji. Na ɗauka zai ce suɓutar baki ce, amma sai ya rufe ido ya sake faɗa, a hankali, sau biyu, ba da ni yake ba. Ishaya. Ishaya. Ya ce, "Ni na zaɓa masa shi, ka ga suna mai daɗi a baki." Sannan ya buɗe ido ɗaya ya nuna ni da yatsa, Kawun nan dai da kuka sani, ya ce, "In kika faɗa masa da bakinki, ban yafe ba."

Shekara guda ina ɗauke da wannan, ina tsoron kalmar mamaci, ina kallonka kana ramewa. Sai da aka ce a rubuto na zauna na sake juya maganar, na ji dariya da kuka sun zo mini tare. Da bakinki, ya ce. Mutumin da ya yanke ƙafar kujerarsa don ya kira ɗansa ba ya sa kalma a banza. Ya san zan gane, bai dai san zan daɗe haka ba. Bakina a rufe yake, ƙanena, biro ne ya faɗa. Ya kira ka.

Ina kewarsa, har mitar da nake yi masa ina kewarta. Ubangiji ya ba shi hutawa kusa da Mama Ladi, ya sanyaya zuciyar ɗansa. Allah ya karɓi baƙuncinka, Kawu.